Hannun Hagu Ya Samu Aiki

Shekara tara hannun damana ke noma shi kaɗai,
yana jan linzami daga wannan kusurwar allo zuwa waccan,
har wuyansa ya fara kuka kamar ƙofar langa-langa.
Hagu kuwa na kwance a gefen tebur,
ba ya gaisuwa, ba ya shiga akushi,
aikinsa korar ƙuda da tallafe haɓa.

Sai Tsayabu direba ya dawo daga Kano ta Ɗan Isa
da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba:
madannai goma sha biyu, babu rubutu a kan ko ɗaya,
da ƴar murɗa guda irin ta tsohuwar rediyo.
Jikka goma sha takwas. Sau uku na biya.

A daren na zauna raɗin suna.
Kai na farko, sunanka Adana,
don kuran ɗin unguwar Zariya ba ya sallama in zai tafi.
Kai na kusa da shi, Koma Baya.
Na uku ya ciro mutum daga gaban katangar da ba a yaɓe ba,
ya tsayar da shi gaban labule mai ruwan zinari.
Na huɗu ya daidaita wa haruffa sahu.
Na biyar na damƙa masa ƙ da ɗ da ɓ,
masu lanƙwasar da babban allo ya rantse bai san su ba.
Murɗa kuma, in ta yi dama alƙalami ya yi ƙiba,
in ta yi hagu ya rame har ya ratsa gashin ido.
Na yanka takarda, na manna wa kowa sunansa da biro.
Guda ya rage. Na ce sai gobe.

Tambarin man gyaɗar Hajiya Tsahara
da can safiya guda yake ci,
yanzu kafin shayin Rabe ya huce ya fito.
Katin biki, allon shagon ɗinki, kalandar ƴan kabu-kabu.
Yarona Sahabi ya ce, "Maigida, kalangu kake kaɗawa."
Ranar da na kifar da kofi a kan takardun mutane,
ɗan yatsana ya danna katakon tebur sau biyu
yana neman Koma Baya.
Sahabi ya yi dariya har ya fita waje.

Ran wata Laraba wani dattijo ya zo daga Tibiri,
ya kwance leda, ya kwance wata a cikinta.
Hoton matarsa ne, wanda gulbi ya lasa
shekarar da ya shigo musu ɗaki.
Rabin fuskar ya tafi da ruwan.
Na duba madannaina ɗaya bayan ɗaya.
Babu wanda ya san ta.

Ya jawo kujera ya zauna a kafaɗata.
"Kuncin bai kai haka cika ba.
Zanen uku ne, ɗana, ba biyu ba.
Idon nan yakan ɗan runtse in za ta yi mini faɗa."
Dama ya koma tafiyar hawainiya,
ɗigo, goge, ɗigo.
Hagu ya yi shiru kamar da,
sai can ya miƙa yatsa ya taɓa Adana,
kada wuta ta sake ɗauke masa ita.

Daga azahar har aka fara rufe rumfunan kasuwa.
Da ta fito daga injin, bai ce ta yi kyau ba.
Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Habsu,"
ya mayar da ita cikin leda biyu.

Na goma sha biyun yana nan fari fat.
Sahabi kullum sai ya kawo shawarar abin da za a ɗora masa.
Ina ce masa bari tukuna.